Nicasio Antileo da Takalman da Suka Yi Masa Daidai

Ranar Alhamis, ashirin ga watan Nuwamba, wajen ƙarfe uku na rana, ruwa ya ci Nicasio Antileo a kogin Aluminé, yana da shekara sittin da ɗaya. Ba a samu an fito da gawarsa ba sai washegari da hantsi. Allah ne ya ba mu aronsa, shi ne kuma ya karɓi abinsa. Labarin ya iske ni a shago, guduma na hannuna, ƙusoshi uku a bakina. Wanda ya kawo shi bai shigo ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya cire hularsa, ya kasa haɗa ido da ni. Tun kafin ya buɗe baki na san ba takalmi ya kawo gyara ba.

Nicasio, jiya aka kammala addu'ar kwana tara da aka yi maka. A wurin jana'iza an nemi in yi magana, na kasa. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ni Osvaldo Jalil, badukun da ka shekara arba'in kana kira Baturke, alhali ka san kakana daga Sham ya zo, bai taɓa taka ƙasar Turkawa ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar fatsa a wannan yanki ya san sunanka. Shekara talatin da huɗu kana yi wa baƙi jagora a kogi, kana nuna musu inda kifin nan na ruwan sanyi da muke kira trucha yake kwanciya, da irin ƙwaron da yake ci a kowane wata. Da hannunka kake ɗaure gashin zakara a jikin ƙugiya, ya fito kamar ƙwaro mai rai, har wani lokaci tsuntsu ya kawo masa sura tun bai taɓa ruwa ba. Ba ka taɓa kama kifi da busasshen hannu ba, sai ka jiƙa shi tukuna don kada ka goge masa santsin jikinsa. In baƙo ya daɗe yana ɗaukar hoto, kifi na haki, sai ka karɓe shi a hankali ka mayar ruwa, ka ce, "Ya gaishe ka, yana sauri ne."

Ba zan iya lissafa alherinka ba, amma akwai wanda ba zan bari ya wuce ba. Shekarar da matata ta rasu, a tsakiyar sanyi, na rufe shago na zauna a gida ina jiran ban san me ba. Kullum da la'asar sai in ji takunka a kan ƙanƙara. Ka shigo, ka hura wuta, ka ɗora buta, ka haɗa mana mate, shayin ganyen nan namu da ake sha a ƙoƙo ɗaya, ka miƙo min, na sha na mayar, ka sha. Ba ka ce min in yi haƙuri ba ko sau ɗaya. Wata biyu kana haka. Ranar da ka ga na aske gemu, sai ka ajiye wani tsohon sirdi a gabana ka ce, "Baturke, hutun ya isa. Wannan yana son ɗinki." Daga baya na gane ba ka da doki a lokacin. Aron sirdin ka yi don ka samar min abin yi.

Akwai kuma dattijon nan da ya zo a keken guragu, wanda ya ce yana son ya wurga zare sau ɗaya kafin ya mutu. Sauran masu jagora suka ce ba zai yiwu ba. Kai ka goya shi a bayanka, ka shiga da shi ruwa har gwiwa, ka tsaya kamar turke, shi yana wurgawa ta saman kanka. Ka fi awa ɗaya a haka. Da kuka fito, shi yana kuka, kai kana ɗingishi.

Ɗingishin nan shi ne abin da nake son in yi magana a kansa, don a nan hannuna ya shiga cikin al'amarinka.

Ƙafarka ba doguwa ba ce, lamba arba'in da ɗaya take. Faɗinta ne abin mamaki. Ka tashi kana kiwon awaki ba takalmi a kan duwatsun Ruca Choroy, yatsunka suka baje kowanne ya kama gabansa, saman ƙafar kuma ya yi tudu. Shi ya sa tun muna samari muke ce maka Agwagwa, kai kuma kana amsawa. Ga shi aikinka ba ya yiwuwa sai da wandon ruwa mai kaiwa ƙirji, wanda ƙasansa safa ce ta roba mai kauri, a kanta ake ɗora takalmi. Takalman shiga kogi kuwa duk daga waje ake kawo su, an yi su ne don siraran ƙafafun da suka girma a cikin safa.

Babu inda ba ka nema ba. Ka je Junín, ka je Bariloche, har iyakar ƙasa ka tsallaka ka je Temuco. In ka sayi lambarka, sai ya matse ka, jini ya daina zuwa yatsu, cikin rabin awa a ruwan sanyi ƙafar ta mutu, ka daina jin dutsen da kake takawa. In ka sayi arba'in da biyar don ka samu faɗi, sai gaban ya zama fanko, dunduniya tana tashi, kana tuntuɓe kamar wanda ya sa kwale-kwale biyu. A ƙarshe abin da ka zauna a kai shi ne ka sayi babba, ka tsaga gefensa da wuƙa, ka kawo min in yi masa faci. Farcenka na babban yatsa ya fita ya fi sau goma.

Baƙin da ka yi wa jagora suna komawa ƙasashensu su aiko maka da takalma, kowa yana rantsuwa nasa ne mai faɗi. Ka gwada, ka yi dariya, ka rubuta musu wasiƙar godiya cewa ya yi daidai. Sannan ka kira wani cikin abokan aikinka ka ba shi. Ranar jana'izarka na dubi ƙafafun waɗanda suka ɗauki akwatin, sun zo kai tsaye daga bakin kogi. Cikin su shida, huɗu takalmanka ne a ƙafarsu.

Ka sha roƙona in ɗinka maka, ina ƙi. Na ce ni takalmin hawan doki da na gona na iya, na ruwa ba fannina ba ne. Ka ce, "Baturke, tsoro kake ji kar a ce ka kasa." Na ce, "Agwagwa, ƙafarka ba ta baduku ba ce, ta kafinta ce. Je ka a yi maka akwati biyu." Haka muka yi ta yi shekara da shekaru.

A watan Yunin bana ne ka shigo shago ba ka tsokane ni ba. Ka zauna, ka cire takalmi da safa, ka ɗora ƙafar a kan benci. Ƙananan yatsu biyu sun yi fari fat kamar kitse. Ka ce likita ya tsira musu allura ba ka ji ba, ya kuma ce in ka ƙara shekara ɗaya a matsattsen takalmi cikin ruwan sanyi, sai dai a yanke su. Ka ce, "In na bar kogi, me zan zama?" Tashi na yi na ɗauko ma'auni.

Wata huɗu na yi ina ɗinka takalman. Na auna ƙafar da yamma, lokacin da ta fi kumbura, kana sanye da safar roba. Na sassaƙa ƙafar katako daidai da taka, har da tudun da ƙashin da ya fito a gefe. Takalmin farko na watsar, na biyu ya jiƙe ya saki. A na uku na samo fata mai shan mai da zane mai tauri irin na tanti, na huda ramuka ta inda ruwa zai fita, na sa tafin roba da gajerun ƙusoshi don kama santsin dutse. Na ɗaga wuyansa ya rufe idon sawu, ya kama dunduniya kam. Igiyar ɗauri kuwa na zaɓi wadda ta fi kowacce ƙarfi, na shafe ta da kakin zuma don kada ta ruɓe. Ina alfahari da igiyar nan, Nicasio. Na nuna wa mutane ita.

Saura kwana biyu a buɗe lokacin kamun kifi na bana na kai maka su gida. Matarka Doña Ermelinda tana murza ƙullin burodi a kan tebur. Ka sa wandon ruwa a tsakar ɗaki, ka zura ƙafa, ka ɗaure, ka miƙe. Ka taka zuwa ƙofa ka dawo. Ka tsaya da ƙafa ɗaya. Sai na ga idonka ya kawo ruwa.

"Baturke," ka ce, "ashe haka mutane ke ji?"

Ermelinda ba ta yi dariya ba. Ta goge hannunta, ta zo ta durƙusa, ta kama dunduniyar takalmin ta ja. Bai motsa ba. Ta sake ja da ƙarfi.

"Don Osvaldo, wannan in ya kama, yaya ake fita daga cikinsa?"

Na ce, "Sai an kwance igiya mana."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Bai taɓa gaya maka ba ko? Shekara goma sha biyu da suka wuce, a kogin Quillén, ƙafarsa ta shige tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya kwantar da shi. Don takalmin ya yi masa yawa ne ƙafar ta zare. Da safa ɗaya ya dawo min gida. Kogi ya karɓi takalmi ya bar min miji."

Ka ce, "Linda, bar tsorata min baduku. Da takalmin ya yi min daidai, da ban faɗa ramin ba tun farko."

"Kai ka sani," ta ce, ta koma kan ƙullinta. Amma ba ta ƙara murza shi ba, hannu kawai ta ɗora a kai.

Na fita daga gidan nan da maganarta a raina. Washegari na dawo na ce ka ba ni su in rage tsayin wuyan, in sassauta dunduniyar. Ka ƙi. Ka ce shekara talatin kana neman abin da zai riƙe ka, ba za ka bari in lalata shi ba. Ka buga wuƙar da ke rataye a ƙirjin wandonka, ka ce, "Ga maganin igiyarka nan." Na yarda, don ina son in yarda.

Sati ukun da suka biyo baya, ban taɓa ganinka cikin farin ciki irin haka ba. Har coci ka je da su, ƙusoshin suna ƙara a kan dutsen ƙasa, mata suna waiwaye. Amma bana ƙanƙara ta yi yawa a kan tsaunuka, kuma tun tsakiyar wata wata iska mai ɗumi ta taso, ta kwana huɗu ba ta kwanta ba. Ƙanƙarar ta fara narkewa, kogi ya fara hawa. Shagona yana da nisa da gaɓa, amma ina jin sa. Ba ƙarar ruwa kaɗai ba, akwai wani gurnani a ƙasa, na manyan duwatsu da ruwa ke mirginawa a gindinsa, kana jin sa a tafin ƙafa kafin ka ji a kunne. Ruwan da muka sani garau ya koma kalar shayi da madara. Wata safiya aka ga gawar saniya ta wuce ƙarƙashin gada, ƙafafu a sama. Tsofaffi suka tsaya a kan gadar suna kallo.

Ranar Laraba ka biyo ta shago. Na ce, "Agwagwa, ka bari ya sauka." Ka ce ai ba za ka shiga da zurfi ba, baƙonka wani tsohon malamin makaranta ne daga Rosario, ya shekara biyar yana shirin wannan tafiya, kuma ranar Juma'a zai koma. Ka ce akwai wata kwana a ƙasan gari inda ruwa ke lafawa, a nan za ku tsaya. Ka ɗaga ƙafa ka nuna min takalmin, ka ce, "Ko ɗinki ɗaya bai saki ba. Ka iya aiki, mugu." Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinka.

Abin da ya faru, daga bakin malamin aka ji shi. Kifi ya kama masa, babba, ya ja zare ya yi ƙasa. Ka ce masa kada ya bi. Ya bi, taku biyu, uku, sai tsakuwa ta zame a ƙarƙashinsa, ruwa ya ɗauke shi. Ka jefar da abin da ke hannunka, ka yanki ruwan ta inda ba mai hankalin da zai yanka. Ka cafke shi ta igiyar wandonsa, ka juya da shi, ka tura shi wajen wani reshen itace da ya sunkuyo. Ya kama. Da ya waiwayo, ya gan ka tsaye, ruwa a ƙirji, ba ka motsi. Ya ɗauka hutawa kake. Ka ce masa, "Hau gaɓa. Je ka kira mutane." Ya ce muryarka ba ta rawa. Sai da ya hau ya ga ruwan yana kwantar da kai a hankali, kana miƙewa, yana sake kwantar da kai. Ya yi gudu zuwa hanya. Kafin a zo, babu abin da ake gani sai wani ɗan tudun ruwa a inda kake.

Da 'yan kwana-kwana suka fito da kai washegari, sai da suka sa ƙarfe suka ɗaga dutsen. Ƙafar dama ce. Wuƙar ba ta cikin kubenta. Igiyar takalmin an yanka ta a wuri biyu, saura ɗauri ɗaya, kuma a jikin wannan ɗayan akwai shaidar kaifi har rabi.

An ce min tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Limamin coci ya faɗa min, abokanka sun faɗa min. Ermelinda kuwa ta riƙe hannuna a maƙabarta ta daɗe, ba ta ce komai ba, kuma ban san me shirunta yake nufi ba. Na yarda kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ni na zaɓi igiyar nan, ni na shafa mata kaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yau da safe 'yarka Mailén ta zo shago. Shekara shida tana bin ka kogi, yanzu ita ma jagora ce mai baƙinta. Ta gaishe ni, ta zauna, ta kwance takalmanta, wasu tsofaffi naka da aka tsaga gefensu. Ban taɓa lura ba sai yau. Ƙafarka ce sak, har da tudun.

"Kawu, ɗinka min za ka yi."

Na ce, "Na daina. Ko kusa."

"Na yi magana da malamin kafin ya tafi," ta ce. "Taku shida Baba ya yi a cikin wannan ruwan, bai zame ko sau ɗaya ba. Na san wurin, na san tsofaffin takalmansa. Da su ne a ƙafarsa, da bai kai ga mutumin ba. Da yana nan da rai, ya tsaya yana kallo ruwa ya tafi da baƙonsa. Kai ka san shi, Kawu. Da wanne zai zaɓa?"

Na ce, "Ba shi nake tunani ba yanzu. Ke nake tunani."

"To ka yi tunanina da kyau. Ina da baƙi a farkon wata. Ko ka ɗinka ko kada ka ɗinka, zan shiga. Abin da ya rage kawai, da wane takalmi."

A ƙarshe na ce ta dawo da yamma da wandon ruwanta. Na yanke shawara ba zan sa igiya ba, zan yi maɗauri da za a fizge da hannu ɗaya ya buɗe gaba ɗaya. Ban taɓa yin irinsa ba. Ban sani ba ko zai buɗe ranar da ake so, ko zai buɗe ranar da ba a so. Fatar tana nan a kan tebur, na shimfiɗa ta, ban sa mata wuƙa ba tukuna. Iskar nan mai ɗumi ta dawo tun shekaranjiya.

Nicasio, aminina, Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya karɓi ranka cikin salama. Ya sa ran da ka ceto ya zama shaida a gare ka ranar da kowa zai tsaya a gabansa. Ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. In akwai hakkinka a kaina, ka yafe min, ni ma Ubangiji ya yafe min.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Ermelinda, Allah ya sanyaya mata zuciya, ya zama gatanta. Ina miƙa ta ga Mailén, da 'yan'uwanka na Ruca Choroy, da abokan aikinka masu jagora a kogunan nan. Ina miƙa ta ga malamin nan na Rosario, wanda ya tafi da kaya mai nauyi, Allah ya sauƙaƙa masa ɗaukarsa.

Ya Ubangiji, ka daidaita hannuna a kan wannan aiki. Ka tsare yarinyar nan a shigarta da fitarta. Kogin kuma naka ne, yana jin maganarka. Ka ce masa ya isa haka.

Amin.